Yadda Aka Fara Tunawa da 'Yan Uwan Yaro Mai Ciwon Daji

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin yaron da ake mantawa da shi idan ciwon daji ya kama ƙaninsa ko yayarsa.

A da can, ciwon dajin jini in ya kama yaro sai dai a zuba wa sarautar Allah ido. A 1948 ne wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya nuna cewa magani na iya danne shi na ɗan lokaci. A 1958 kuma Dakta Denis Burkitt, da ke aiki a Kampala ta ƙasar Uganda, ya bayyana wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da nan Najeriya. Shi ma aka gano yana jin magani.

To, da magani ya samu, sai jinya ta yi tsawo. Ta ciwon jinin takan kai shekara 2 zuwa 3. Uwa tana asibiti, uba yana fafutukar kuɗi. Sauran yaran fa? Nan likitoci suka lura da su: ga tsoro, ga kishi, karatu ya ja baya, wani ma yana zaton faɗan da suka yi ne ya jawo ciwon.

A 1982, Don Meyer ya fara tara 'yan uwan yara masu naƙasa a birnin Seattle, su yi wasa su amayar da cikinsu. A 1999 ƙungiyar likitocin ciwon dajin yara ta duniya, SIOP, ta fitar da jagora kan taimakon 'yan uwan mai jinya, sannan a 2015 masana a Amurka suka sa shi cikin ƙa'idojin kula da irin wannan iyali.

Ina makaranta ta shigo? Ai idan gida ya hargitse, ita ce wurin da bai canja wa yaro ba. Malamin da ya san halin da ake ciki ba zai zane shi don makara ko rashin yin aikin gida ba. Zai tambaye shi lafiyarsa shi kansa, ba ta mai jinya kaɗai ba. Zai kuma fahimtar da 'yan aji cewa ba a ɗaukar ciwon daji, don kada su guje shi.

Amma fa malami bai san gaibu ba. Ko ba kya fita, 'yar uwa, ki aika da takarda, ko maigida ya je ya yi wa hedimasta da malamin Islamiyya bayani. Don Allah kuma kada a cire babbar 'ya daga aji saboda girki da reno. A nemi gwaggo ko inna ta kama, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.