Gayya, giginya da rufin ɗakin talaka

1/ Jama'a, da can aikin wayar da kai nake yi a ƙauyuka kan kare daji da namun dawa. Bana na koma sa-kai na gyaran gidajen da damina ta rusa a Ikara, Makarfi da Kudan. Tarihi ya nuna min ayyukan biyu a haɗe suke. Ku biyo ni.

2/ Sa-kai ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau, gayya ake ce masa. Bayan kaka, samari su kwaɓa ƙasa su yi tubali, magini ya ja gaba, mata su kawo fura. Ba a biyan samarin, gobe kai ma a zo maka.

3/ Kayan ginin kuwa daga daji suke. Daga giginya ake tsaga azara, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Makubar shafe bango daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Da ƙasa da azara Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, bayan 1830.

4/ Sai siminti da kwano suka shigo, gini ya koma na mai kuɗi. Gonaki suka ci daji, giginya ta yi ƙaranci, gayya ta ja baya. Yanzu talaka ba kuɗin kwano, azara ta yi tsada. Ruwan Agusta ya zo, ɗaki ya rufta da mutane a ciki.

5/ Giginya fa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ba da azara, don haka a dasa tun yanzu. Sannan ku duba unguwarku: wace tsohuwa ce ɗakinta ke yoyo? Ku haɗa mata gayya kafin ruwan farko.