Magini da Mai Gida a Birnin Zazzau: Daga Tubali Zuwa Bulo

Gabatarwa

Wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi Fada zai ga gini iri biyu kafaɗa da kafaɗa: ga tsohon soron ƙasa mai zankwaye, ga gidan bulo mai rufin kwano a jikinsa. Magidancin da ya gaji irin wancan soro yakan tsaya tsakanin shawara biyu, watau ko ya gyara, ko ya rushe ya sake sabo, sa'an nan kuma wa zai damƙa wa aikin. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a tarihin birnin, ƙarkon gida ya fi rataya a kan dangantakar mai shi da magininsa bisa ga irin kayan da aka yi shi da su.

Magini a Zamanin Da

Gini sana'ar gado ce a Zazzau, kuma magina suna ƙarƙashin Sarkin Magina, wanda ke tara su in aikin fada ko na ganuwa ya taso. Mai gida ba ya ba da kwangila. Shi ke tanadin ƙasa da ciyawa da azara da abincin ma'aikata, magini kuwa a biya shi ladansa. Da rani ake aiki. A haƙo ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a mulmula tubali a shanya. Bango kuwa a fara shi da kauri, yana tashi yana sirancewa.

Gwanintar magini a rufi ake ganinta. Azarar giginya tana jure wa gara, to amma in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Wannan ne ya sa aka ƙago dabarun bakan gizo da ɗaurin guga, don a rufe babban ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Maganin ruwa kuwa shi ne makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabbobi da dafara.

Irin wannan gida ba a gama shi. Binciken da Friedrich Schwerdtfeger ya buga a 1982 a kan gidajen Zariya ya nuna yadda gida ke bin numfashin iyali: in ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, in an rasu ko an tashi a bar ɗaki ya zube. Bugu da ƙari, kafin kowace damina sai an duba rufi da indararo, an sake yaɓe. Saboda haka mai gida ba baƙo yake nema ba, sai wanda ya san bangon, wanda kuma zai dawo baɗi.

Babban Gwani

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Magininsa shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, kuma shi ake jingina wa ginin gidan sarauta na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi. Akwai ruwayar da ke cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya yi masa gini, don kada ya yi wa wani irinsa. Ruwaya ce ta baka, amma tana nuna mana darajar da ake bai wa hannun magini a wancan zamani.

Zuwan Kwano da Siminti

Turawa sun kama Zazzau a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, ya sauƙaƙa shigowar kwano da siminti. A Sabon Gari da unguwar Turawa sabon gini ya fara kafuwa, birni kuwa ya daɗe a kan tubalinsa. Babban sauyin ya zo ne a shekarun 1970, da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji. A 1975 sai da ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cunkoso a tashar Ikko. Gidan bulo ya zama alamar samu, gidan ƙasa ya zama alamar rashi. A cikin waɗannan shekaru ne aka lulluɓe abin da aka bari na masallacin Babban Gwani da sabon ginin kankare.

Daɗin daɗawa, kayan aikin gargajiya suka yi wuya: marina ta ja baya, katsi ya yi ƙaranci, giginya ta yi nisa, 'ya'yan magina suka koma birkiloli. Aka sami ɗan kwangila, wanda ke karɓar kuɗi dunƙule, ya miƙa mabuɗi ya tafi.

Awo da Kammalawa

In za a yi adalci, kowane gini da ribarsa. Bulo ba ya bukatar yaɓen shekara-shekara, kuma yana ɗaukar bene a ƙaramin fili. Soron ƙasa kuwa yana da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu, gyaransa kuma ba ya cin kuɗi lokaci guda. Kowanne kuma da aibinsa: ƙasa ba ta yafe sakaci, bulon da aka tauye wa siminti kuwa ba a gane shi sai ya tsage. Mafi haɗari shi ne gamin gambiza, alal misali a shafe bangon ƙasa da siminti. Waje ya yi sumul, danshi kuwa ya maƙale a ciki yana cin bangon a ɓoye.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin nan ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin abin ya auku, ana shirin gyara ke nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Gini, na ƙasa ko na siminti, yana bukatar idon da ya saba da shi. Don haka magidancin da ke shawara yau ya kamata ya yi wa magini tambayoyin da kakanninsa ba su da bukatar yi, domin su unguwa ɗaya suke da nasu maginin. Wa ya koya maka? Ina gidan da ka gina da ya ga damina goma? In bango ya tsage, a ina zan same ka? Wanda ya amsa waɗannan, shi ya dace a tambaya ko a gyara ko a rushe.