Tarihin Achaba: Talauci Ya Kawo Ta, Tsoro Ya Kore Ta

Yau za mu waiwayi tarihin sana'ar da kusan duk mun ci moriyarta, amma ba kasafai ake jin mai kare masu yin ta ba, wato achaba. A Sakkwato da Nijar kabu-kabu ake ce mata. A Kudu kuwa okada, sunan da aka aro daga kamfanin jiragen sama na Okada Air, mallakar Gabriel Igbinedion, ɗan garin Okada a jihar Edo. Wai don babur na tsallake cunkoso kamar jirgi.

Mu fara da tambaya: me ya sa babur ya zama motar haya? A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. Darajar naira ta faɗi, farashin mota da kayan gyara ya tashi, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Tasi da bas suka yi ƙaranci, ga birane na ta faɗaɗa zuwa unguwannin da ko titin kirki babu. Sai mai babur ya ga ga jama'a cirko-cirko a bakin titi, shi kuma ga iyali a gida. Daga baya babura masu araha irin su Jincheng daga Sin da Bajaj daga Indiya suka cika kasuwa, masu kuɗi na saye suna bayarwa ana kawo musu balas kullum, 'yan siyasa na rabawa lokacin zaɓe.

Ku riƙe wannan da kyau. Ɗan achaba giɓi ya tarar ya cike, giɓin da hukuma ta bari a harkar sufuri da samar da aikin yi.

To amma sana'ar ta girma babu tsari. Yaro zai koyi babur yau, gobe ya ɗauki fasinja, babu lasisi babu horo. Balas na jiransa, don haka sai gudu da goyon biyu ko uku. Wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ya san abin da nake faɗa. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun 1988, amma sai ranar 1 ga Janairun 2009 aka tashi haiƙan kan tilasta sanya hular kwano ga direba da fasinja. Me ya faru? Kuɗin hula ya yi tashin gwauron zabi, fasinjoji na ƙin sawa saboda tsoron cutar fata, wasu ma tsoron asiri. A Kano har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya. Doka ce mai kyau, amma an sauke ta a kan mutane ba tare da wayar da kai ko sauƙaƙa farashi ba.

Kuma abin bai tsaya a dariya ba. A watan Yunin 2009 a Maiduguri, saɓani kan hular kwano ne ya haɗa jami'an Operation Flush da mabiyan Muhammad Yusuf da ke kan hanyar jana'iza, aka harbi mutane da dama. Wata guda bayan nan rikicin Boko Haram ya ɓarke. Rikicin yana da tushensa daban, amma daga nan babur ya shiga lissafin tsaro. 'Yan bindiga suka riƙa kai hari a kansa, aka hana hawa babur a Maiduguri a Yulin 2011.

Kano ta riga ta ɗanɗana nata tun 2005, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan achaba ɗaukar mata, ta kawo keke mai ƙafa uku da har yau muke kira A Daidaita Sahu. Babban bugun ya zo a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano, marigayi Alhaji Ado Bayero. Gwamnatin Kwankwaso ta haramta achaba a cikin birni. Ina sakandare a lokacin, na ga magidanta a unguwarmu sun wayi gari babu sana'a. Mai hali ya koma A Daidaita Sahu, marar hali ya tattara ya nufi Kudu.

Can ma ba su tsira ba. Abuja ta kore su daga tsakiyar birni tun 2006, zamanin da Nasir El-Rufai ke minista. Legas ta hana su bin manyan tituna 475 a 2012, sannan a Yunin 2022 ta haramta sana'ar gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, aka riƙa murƙushe baburan da aka kama a gaban kyamara. Da yawan masu baburan nan 'yan uwanmu ne 'yan ci-rani, wasu ko bashin babur ɗin ba su gama biya ba.

Idan kun lura, salon iri ɗaya ne: a zuba ido sana'a ta yi girma, a karɓi kuɗin tikiti kullum, ranar da wani abu ya faru a hukunta kowa da laifin wasu tsiraru. Laifin tudu a ce gangare ya biya?

Ni da abokan gwagwarmayata ba mu ce a bar kowa ya yi abin da ya ga dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma hular kwano mai inganci na rage haɗarin mummunan rauni a ka da kusan kashi 70 cikin ɗari. Rai ba abin wasa ba ne. Amma a duba Kigali ta ƙasar Ruwanda: kowane ɗan achaba na da rajista, da riga mai lamba, da hula biyu, tasa da ta fasinja. Su ma talakawa ne kamar mu.

Abin da muke nema ke nan. A yi wa masu sana'ar rajista, a ba su horo da lasisi a kan kuɗin da za su iya biya. A zauna da ƙungiyoyinsu irin su ACOMORAN kafin a yanke hukunci. Jami'in da ya karɓi na goro a titi shi ma ya fuskanci doka. Inda tsaro ya tilasta hani, a faɗi wa'adinsa, a tanadi abin da mutum zai ci da iyalinsa.

Kai kuma ɗan uwana mai babur, sa hularka, rage gudu, daina ɗaukar mutum uku. Duk ganganci ɗaya da ka yi, hujja ce ka miƙa wa masu son a rufe sana'ar. Mu fasinjoji kuma mu daina cewa "Malam yi sauri, na makara."

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa mu sauka lafiya.