Jan Maɓallin Rikoda

Makon jiya na je gida Unguwar Tudu, ta ƙasar Gwarzo. Ina binciken adakar marigayi mahaifinmu sai na ci karo da kaset guda bakwai ƙulle a leda, duk an rubuta "Inna" a jikinsu da biro.

Mai karatu, kafin zuwan kaset, duk na'urar da ta shigo mana ƙauye magana take kawo mana, ba ta ɗaukar tamu. Majigi na gwamnati ne: mota ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna Baban Larai don koyar da noman zamani, gari ya waye su tafi. Garmaho sai gidan mai hali, kuma abin da aka zuba a faifai shi za ka yi ta ji har ya karce. Rediyo ma haka, Kaduna ta faɗa, mu saurara.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963. Amma bai zama ruwan dare a wajenmu ba sai wajen 1975, da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, alhazai kuma suka riƙa dawowa da rikoda tsaraba.

In ana tarihin kaset an fi ambaton waƙoƙin Shata, da wa'azin malamai, da yadda kaset ɗin bidiyo ya haifi Turmin Danya a Kano a 1990. Duk gaskiya ne. Sai dai ni a ganina babban aikinsa a ƙauye shi ne wasiƙa. Da can tsohuwar da ba ta rubutu dole ta kira ɗan makaranta, ta zube masa asirinta, shi kuma ya rubuta rabi ya bar rabi. Da rikoda ta zo, sai kakata Inna ta tura ƙyaure, a danna mata jan maɓallin nan, kowa ya fita. Ta yi gaisuwa, ta yi faɗa, ta yi kuka in ta kama. Direban motar shanu ya kai wa mahaifinmu Agege, inda yake ci-rani. Da ya dawo gida gaba ɗaya, da kaset ɗin ya dawo.

Na kai su wajen wani mai gyaran rediyo a Kano don a juye min a waya. Uku zarensu ya manne, ba su ceto. Uku sun fito tas. Na bakwai kuwa laifina ne, don ni na naɗi waƙoƙin Indiya a kansa ina ɗan sakandare, ban ko duba abin da ke ciki ba.

Muka bar shi yana juyawa har ƙarshe. Waƙa ta ƙare, aka ɗan yi shuuu, sai ga muryar Inna, ba ta kai minti ɗaya ba. Tana cewa an yi ruwan shuka daren Talata, ya aiko da kuɗin taki, kuma ya daina zama da yunwa.