Yadda Garmaho Ya Iso Ƙasar Haɗeja

A zamanin da, in mawaƙi ya mutu, muryarsa ta bi shi kabari. Yaransa sa riƙe kalmomin waƙa, amma murya kam ta tafi ke nan. Garmaho ne ya kawo ƙarshen wannan hasara.

Wani mutumin Amurka, Thomas Edison, shi ya fara ƙera na'urar kama murya cikin 1877. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai. Da hannu a ke wana shi, a ɗora allura, faifan ya riƙa juyawa sau 78 a minti ɗaya. Kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da waƙar minti 3 ko 4, saboda haka tilas mawaƙi ya taƙaita.

Kamfanonin Amurka suka ga talakawa na son jin waƙar irinsu. Cikin 1920 aka ɗauki muryar Mamie Smith tana bulus, watau waƙar baƙin ciki ta baƙaƙen fata. Cikin 1927 aka ɗauki Jimmie Rodgers, ma'aikacin jirgin ƙasa mai waƙar mutanen karkara. Daga baya waƙoƙin kaboyi, makiyayan shanu bisa dawaki, suka bazu, har da kiɗan rawa irin na Bob Wills.

To, ta yaya wannan kaya ya iso mu? Hanyar jirgi ta kai Kano cikin 1911, ta kai Nguru cikin 1930, ta bi ta Malam Madori. Jirgin da ya kwashi gyaɗa shi ya kawo kayan kanti, fatake kuwa suka shiga da su kasuwannin Haɗeja da Jahun. A Kano, samarin da suka ga kaboyi a silima suka san kiɗansu. Daga Ankara kuma faifan E. T. Mensah suka game Nijeriya bayan 1952.

Mu ma mun ci moriyar abin. Muryar Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, tana nan har yau domin an kama ta.

Rediyo da kaset sun kori garmaho, wayar hannu ta kori kaset. Faifai kuwa abu ne mai saurin fashewa, zafi da ƙura na cin sa. Wanda ya gaji tsohon faifai a adakar mahaifinsa, kada ya bar wa yara su yi gare da shi. Ya kai gidan adana kayan tarihi, gama wata muryar babu inda ta saura sai a jikinsa.