Tarihin Gyaran Intanet a Wayoyin Ƙasar Magariya

Sana'ar gyaran intanet a waya ta biyo bayan shigowar salula Nijar a 2001. Kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, yana cikin waɗanda suka fara kafa eriya. A garuruwa irin su Bande, Magariya da Dungas, masu cajin waya da janareto ne suka fara karɓar koken jama'a, tun da su ake miƙa wa wayar.

A zamanin ƙananan wayoyin Nokia, yawancin masu shiga intanet da Opera Mini suke shiga. Idan bincike ya ƙi tafiya, mai gyara yakan sake shigar da saitin kamfanin layi da hannu, harafi bayan harafi, mai waya na tsaye a kansa.

Zuwan Android ya sauya matsalar. Yanzu mai gyara yakan duba kwanan watan wayar, domin idan ya kauce shafin Google ba ya buɗuwa. Ya share tarkacen da burauza ta tara, ya cire manhajar da ta ƙwace gurbin bincike, ya mayar da Google mazauninsa. Aiki ne na basira, kuma galibin masu yin sa a rumfar ubangida suka koye shi.