Tukunyar Kaka da Kwana Uku na Madina

A gidanmu na Birni, cikin Damagaram, Babbar Sallah ba ta ƙarewa ranar yanka. In an sauko daga idi, liman ya yanka nasa, sai Baba ya yanka namu. A feɗe ragon, a baje shi kan itace biyu da aka gicciya, a jingina gefen wuta tare da na maƙwabta har dare. Washegari ake rabo. Abin da ya rage, Kaka ta soya shi ƙarau cikin kitsensa, ta rufe a tukunya. Jelar kuwa sai ranar cika-ciki, 10 ga Muharram.

Sau ɗaya tak na ga tukunyar nan babu komai, a shekarar fari ta 1984. Sallah ta zo cikin watan Satumba, gero ya ƙone a gona, mutanen Damargu sun cika bakin gari da ƴaƴansu. Kaka ta tsaya a zaure tana miƙa nama har jelar ta tafi. Na yi kuka. Ta ce, "Yi shiru, maigidana. Bana ba shekarar ajiya ba ce."

Sai da na girma na zauna gaban malamai na gane cewa maganar tata tana da tarihi. Tushen layya shi ne Annabi Ibrahim, wanda ya miƙa wuya ga umarnin yanka ɗansa Isma'ila, Allah Ya fanshe shi da rago. An shar'anta ta ga Musulmi a Madina a shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624, ana yin ta ran 10 ga Zulhajji. Manzon Allah (SAW) da hannunsa ya yanka raguna biyu masu ƙaho.

Wata shekara, Larabawan ƙauye mabukata suka kwararo Madina dab da Sallah. Sai Annabi ya hana kowa ajiye naman layya fiye da kwana 3. Da shekara ta zagayo, sahabbai suka tambaya ko hanin yana nan. Ya ba su izinin su ci, su ciyar, su ajiye, ya kuma bayyana cewa wahalar da mutane suka shiga ce ta sa ya hana. Buhari ya kawo labarin daga Salamatu ɗan Akwa'u, Muslim kuma daga Nana A'isha.

Ashe soyen Kaka yana da hujja, buɗe tukunyarta ma yana da hujja. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta yanke wa mai layya kason da zai bayar ba. Ta dai hana sayar da nama ko fata, ta hana biyan mahauci da su. Sauran an bar wa idon mai rago da zuciyarsa.

Yau firiza ta maye gurbin tukunya, nama yakan kai wata da watanni bai lalace ba. Ni ma ina da ita. Amma duk Sallah, kafin in ce a rufe ta, nakan fita ƙofar gida in duba wace irin shekara ce.